Ranar da Ba'amurke Zai Ƙaura Kano

Tun kafin ya kashe mota Nata'ala ya san magana ta lalace. Ƙofar ginin da Israel yake haya a Dagenham, inda kullum ba ka ganin kowa sai wata tsohuwar Baturiya da karenta, yau mutane ne cirko-cirko kamar ana rabon naman layya. Ga Dakta Abdulhadi rungume da kwali. Ga Rwang, mutumin Jos mai tuƙa bas, ya saɓo wata ƙatuwar rigar sanyi a kafaɗa. Ga mata sun jeru a matakala, kowacce da ledarta an naɗe ta da salatif har ba a gane kalarta.

"Innalillahi," in ji Nata'ala, ya dafe sitiyari. "Ya faɗa. Wallahi bawan Allahn nan ya faɗa musu."

Israel baƙar fatar Amurka ne, mutumin Cleveland, injiniyan sauti a gidan rediyon da Nata'ala yake aiki a Marylebone. Shekarun baya ya tofa yawu a wata 'yar kwalba ya aika gwaji, aka aiko masa cewa kakannin kakanninsa daga arewacin Najeriya suka fito. Tun daga ranar ba a sake samun zaman lafiya a sashen Hausa ba. Ya koyi gaisuwa, ya koyi cin tuwo da hannu, ya fara amsa sunan Malam Isra'ila, ƙarshe ya samu aiki a wani situdiyo a Kano, ya ajiye na London, ya saki flat ɗinsa, ya rabar da kujeru. Mutane na sayar da gona su zo nan, shi ya sayar da mota zai tafi can. Nata'ala ya yi masa faɗa har ya gaji, da ya ga ba ya ji sai ya koma koya masa yadda ake zama da mutane.

Cikin duk abin da ya koya masa, abu ɗaya ya fi nanatawa: duk Bahaushen London da ya san ciwon kansa ba ya faɗar ranar tafiyarsa gida. Kana iya gaya wa mutane albashinka, kana iya gaya musu ciwon da likita ya gano maka, amma ranar tashin jirginka sai dai a ji ka sauka. In ba haka ba kowa zai tuna yana da uwa, yana da ƙanwa mai shirin aure, kuma duk ɗan saƙo ne. Ba a taɓa kawo babban saƙo a garin nan ba. Ko firiji ne, ɗan saƙo ne.

Sai dai abin da Nata'ala bai gaya wa kowa ba, shi ma yau da nasa a aljihu. Wani ɗan kwali ne da bai kai na sabulu ba, jiya ya karɓo shi a wani asibitin kunne kusa da ofis. Na'urar ji ce ta Inna, mahaifiyarsa, wadda ke Gwammaja a Kano. Ta fi shekara ba ta ji muryarsa ba. In ya kira, ƙanwarsa Zubaida ce take kara mata wayar, shi yana ta ihu daga London har maƙwabta su buga bango, ita kuwa shiru. A kiran ƙarshe ya ji Inna tana cewa, "Zubaida, ki daina ba ni wayar nan, tunda ba ya magana." Ya kwana biyu abinci bai yi masa daɗi ba. Tsohuwa ce, jikinta ya yi rauni, fasfonsa kuma yana can ofishin shige da fice na Croydon ana ta nazari, ba shi da ikon taka ko'ina. Tsoron da ke cinsa shi ne ta rasu tana zaton ɗanta ya daina yi mata magana. Ya sa Zubaida ta kai ta gwajin kunne, aka turo masa sakamako, aka saita na'urar daidai da ita. Ba abin da za a jefa a jirgin dakon kaya ba ne a zauna jiran watanni, hannu take buƙata.

To amma da wane baki zai ce wa Israel ga saƙo, bayan wata da watanni yana yi masa huɗuba a kan masu saƙo? Sai ya yanke shawara irin ta kowa: zai bari sai a filin jirgi, lokacin sallama, ya zura masa a aljihu.

Ya kutsa ta cikin matan yana amsa gaisuwa sama-sama. A falo ya tarar da Israel sanye da babbar riga shuɗiya, hula ta karkace, yana tsaye a kan sikelin banɗaki rungume da akwati, gumi na zuba. A kujera ɗaya tilo da ta rage a gidan Hajiya Karimatu ce zaune tana ba da umarni. Hajiya Karimatu ta riga kusan kowa zuwa London, mijinta marigayi tsohon ma'aikacin rediyo ne, ita kuma tana sayar da atamfa da turaren wuta a flat ɗinta. Duk yaron Hausawa da aka haifa a gabashin London ta ɗauke shi yana jariri.

"Ya yi nauyi har yanzu," in ji ta, tana leƙa sikelin. "Malam Isra'ila, a cire wancan baƙin abin."

Baƙin abin kaskon ƙarfe ne na kakar Israel, wanda ya taho da shi tun daga Amurka. Ba musu ya ciro shi ya ɗora a kan tulin da ke gefe. Nata'ala ya dubi tulin: littattafansa, takalmansa, na'urar haɗa sautin da yake ji da ita kamar ɗa, har da rabin wandunansa.

"Wa ya ce ka faɗa?" Nata'ala ya tambaye shi da Turanci, yana danne murya.

"Brother!" Israel ya ajiye akwatin, baki har kunne. "Ranar Asabar a wurin sunan nan da ba ka je ba, aka ba ni makirfo in yi ban kwana. Zuciyata ta cika. Na faɗi rana, na faɗi jirgi, na ce duk mai son a kai masa wani abu ina da wuri."

"Ka ce kana da wuri."

"Sai da aka yi kabbara! Ka duba ka gani, sun yarda da ni. A Cleveland maƙwabcina ko makullin gareji ba zai ba ni ajiya ba. Nan wata ta ba ni sarƙar zinare in kai wa 'yarta, ko sunan mahaifina ba ta sani ba. Ban taɓa jin ni ɗan wani wuri ne ba sai yau."

Idonsa har ya kawo ruwa. Nata'ala ya rasa ko ya rungume shi ko ya kwaɗa masa mari.

Dakta Abdulhadi ya turo kai da kwalinsa, ya dubi Nata'ala. "Baban Ikram, sannu da zuwa. Ɗan saƙo ne, bilanda ce kawai da butar shayi. Na yi removing ɗin kumfar ciki ma, ba nauyi."

"Nawa ma sai ya saka a jiki," in ji Rwang, yana ɗaga rigar sanyin. "Ba za ta shiga awo ba. Ƙanena zai kai wa a Jos."

"Kano za shi, Rwang."

"Eh, ai Kano da Jos nan da nan ne."

Nan fa ran Nata'ala ya ɓaci. Shi mutum ne da in ya fara magana daɗin muryarsa yake kwashe shi, aikin rediyo ya ɓata shi. Ya tsaya a tsakiyar falon ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah! Mutumin nan ƙaura zai yi, ƙaura fa, ba hutu ba. Zai sauka a garin da bai san kowa ba, kun raba shi da wandonsa saboda cakulan da man zafi? Babu bilanda a Kano ne, Dakta? Kasuwar Sabon Gari ta ƙone ne ba mu ji ba? Wannan ba zumunci ba ne, zalunci ne! Ni nan da kuke gani, shekara nawa muna ofis ɗaya da shi, muna cin abinci kwano ɗaya, ko allura ban ba shi ba. Kuma ba zan ba shi ba, don ni ina da kunya!"

Yana rufe baki ya ji kwalin nan ya tokare masa haƙarƙari ta aljihun jaket. Amma ina, magana ta riga ta fita, kuma ta yi daɗi, har wata daga matakala ta ce, "Gaskiya ne." Don ya cika aiki sai ya sunkuya ya ɗauki wani bakko da ke jingine da kujerar Hajiya Karimatu, na biyu ke nan da ta kawo, ya kai shi bakin ƙofa ya dire.

"Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kam ba inda za shi."

Hajiya ta dube shi tun daga takalmi har hula.

"Ni ka fitar wa da kaya, Nata'ala? Ni da na yi wa Hindu matarka wankan jego a garin nan, lokacin ko tukunyar kirki ba ku da ita?"

"Hajiya, ba raini ba ne..."

"A'a, ka kyauta. Mai kunya." Ta gyara mayafi ta miƙe. "To, tunda kai ne mai kai shi airport, da ni za a je. In ga tashin ɗayan da idona, kada a jefar mini da shi a hanya."

Haka aka yi. Aka danna akwatuna a but, aka cusa sauran a kujerar baya tare da Israel, wanda ya ɗora rigar sanyin Rwang a kan babbar riga, ya koma kamar buhun auduga. Hajiya ta hakimce a gaba, jaka a cinya.

Hanyar Heathrow daga Dagenham doguwa ce, ranar kuma ta ƙara tsawo. Israel yana baya yana sauraron kwatancen da masu saƙo suka naɗar masa a waya, yana maimaitawa don ya haddace. "Ka je Kurna, bayan masallaci, ka tambayi gidan mai waina, ba ta farkon ba, wadda ta rasu." Wata murya ta ce Sakkwato. Wata ta ce Maiduguri, amma kada ya damu, in ya je tasha kowa ya san Baba Kura.

"Maiduguri da nisa ne?" ya tambaya.

"Ba laifi," in ji Hajiya.

Nata'ala kuwa lissafinsa ɗaya ne: yadda zai keɓe da Israel ko na ƙiftawar ido ne. Ya ratse gidan mai duk da tankinsa a cike yake, ya ce, "Isra'ila, zo ka taya ni duba iskar taya." Kafin Israel ya gama kokawa da ƙofa Hajiya ta riga shi fita, wai ƙafarta ta sage, ta tsaya a kansu tana kallon tayar kamar ita ta ƙera ta. Ya ce zai shiga shago ya sayo ruwa, Israel ya rako shi. Ta ce ita ma tana son alewar tari. Da suka koma mota Nata'ala ya ji kamar ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka.

A filin jirgi layi bai yi tsawo ba. Suka tura kaya har gaban kanta, wata matashiyar ma'aikaciya ta karɓi fasfo ta yi murmushi. Aka ɗora akwatuna, nauyi ya yi daidai cif, Hajiya ta gyaɗa kai kamar wadda ɗalibinta ya ci jarrabawa. Sai yarinyar ta yi tambayar nan da ake yi wa kowa.

"Kai ka haɗa kayan nan da kanka?"

Kash! Nata'ala ya koya wa mutumin nan gaisuwar ta'aziyya, ya koya masa yadda ake taya kaya a kasuwa, ya koya masa kada ya miƙa abu da hagu, amma wannan ɗaya bai faɗo masa a rai ba. Wa zai yi tunanin sai an koyar? A wurinmu wannan tambaya kamar "ina kwana" ce, ko ba ka runtsa ba "lafiya lau" za ka ce.

Israel ya gyara tsayuwa, ya dafa ƙirji.

"A'a, madam. Al'umma ce ta haɗa mini."

Murmushin yarinyar ya ragu. "Wani ya ba ka wani abu ka tafi da shi?"

"Kowa da kowa."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Haba, ina! Ai rashin ladabi ne in buɗe."

"Me yake cewa?" Hajiya ta zunguri Nata'ala, ko da yake ta ji sarai. "La'ilaha illallahu. Wannan wane irin mutum ne?"

Yarinyar ta ɗauki waya. Ba a jima ba sai ga jami'an tsaro biyu, mace da namiji, cikin ladabi suka ce a biyo su. Aka kai su wani ɗaki mai dogon tebur, aka sa safar hannu, aka fara yanka salatif. Kai, ranar asirin Hausawan London ya tonu a gaban Turawa. Ga gashin kanti, ga man zafi katan guda, ga fitilar mota ta hagu, ga kamfai dozin-dozin an rubuta sunan mai kowanne da biro. Ga bilandar Dakta, wadda ashe sai da ya san yadda ya yi ta shiga, an cusa safa a cikinta. Duk abin da aka ɗaga sai a tambayi Israel na waye, shi kuma ya lalubo muryar mai shi a waya ya kunna musu.

Da aka zo kan bakkon Hajiya sai jami'ar ta ciro wata leda mai ɗauke da farin gari, an ƙulle bakinta tam. Ta ciro ta biyu. Ta ciro ta uku. Ta dubi abokin aikinta.

"Madara ce!" in ji Hajiya da ƙarfi. "Milk! Baby milk! Gwangwanin ne ke da nauyi na juye. Wancan kuma kastad ne. Nata'ala, gaya musu mana, ka tsaya kana kallona!"

Ya gaya musu. Suka ce sun yarda, amma sai an gwada. Aka tafi ɗauko abin gwaji, aka dawo, aka gwada leda ɗaya, aka ce saura. Ashe ba Hajiya kaɗai ta san wannan dabarar ba, kusan kowace mace a Dagenham ta juye wani abu a leda. Teburin ya cika da ƙulli-ƙullin gari fari da rawaya, agogon bango yana ta tafiya.

Can sai wani babba ya shigo da rediyon hannu. Ya yi bayani a natse: an kusa rufe ƙofar jirgi, kayan nan ba za a gama da su a kan lokaci ba, kuma ba za su hau ba sai an gama. Ko dai Mista Israel ya bar su ya tafi da jakar bayansa, ko ya bar jirgin.

Israel ya dubi Nata'ala. Ba shi da flat ɗin komawa, ya miƙa makulli tun da safe, aiki kuma yana jiransa a Kano. Ya cire rigar Rwang a hankali ya ninke ta a kan tebur, ya juya wurin Hajiya ya durƙusa har ƙasa da babbar rigarsa.

"Hajiya," ya ce da Hausarsa mai tsami, "na ci amana. Yi haƙuri."

"Tashi, tashi, ɗan nan," in ji ta. "Kai dai Allah ya shirye ka. Kano za ta ji da kai."

Jami'ar ta duba jakar bayansa: kwamfuta, buroshin haƙori, maganin sauro, singileti biyu. Da wannan Ba'amurke zai ƙaura Afirka. Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ban da wannan, ba abin da wani ya ba ka? Kuma ba za ka karɓi komai daga hannun kowa ba daga nan har cikin jirgi?" Ya ɗaga hannun dama kamar a kotu ya ce ya yi alkawari. Ta ce ita za ta raka shi da kanta don ya samu shiga.

Suka fito da sauri. A bakin shingen da ba mai wucewa sai da tikiti Israel ya rungume Nata'ala, ya matse shi har kwalin ya danne tsakanin ƙirazansu. Hannun Nata'ala yana cikin jaket, yatsunsa a kan kwalin. Ya ɗago ido, sai suka haɗa ido da Hajiya, tana tsaye riƙe da keken kaya, ta zuba masa na mujiya. Hannun ya ƙi fitowa.

"Sai na kira ka, brother."

"Allah ya kiyaye hanya."

Israel ya juya, jami'ar tana gaba yana binta, babbar riga na jan ƙasa. Nata'ala yana kallon bayansa yana ƙara nisa, sai muryar Inna ta faɗo masa, tana cewa a daina ba ta waya. Wace kunya? Kunyar wa? Bai san lokacin da ya zabura ba, kwali a sama, yana ture mutane.

"Isra'ila! Isra'ila, tsaya! Ɗan saƙo ne!"

Rabin zauren ya waiwayo. Israel ya tsaya, ya dubi kwalin, ya dubi jami'ar, ya sake duban kwalin. Fuskarsa ta yi kalar tausayi.

"Brother, yanzun nan na ba matar nan kalmata."

"Na Inna ne! Ko nauyin waya bai kai ba! Ka buɗe ka gani!"

"Mista Israel, ko yanzu ko ka rasa jirgin," in ji jami'ar.

Israel ya ɗora hannu a ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya ɗora tikitinsa a kan na'ura. Ƙofar gilashi ta buɗe ta rufe. Nata'ala ya tsaya da hannu a sama har sai da wani mai tura keke ya ce ya ba shi hanya.

Suka koma ɗakin nan suka jira aka gama gwaji, aka tabbatar madara madara ce, aka tattara musu komai a yamutse. Hajiya ta taya shi turawa har wurin ajiye motoci, ta tsaya yana lodawa. Shi dai jira yake ta fara, ya san kafin magariba labarin mai kunya zai kai har Manchester, kuma ya san ya cancanta. Amma abin mamaki ko a jikinsa. Abin da ke ransa kawai shi ne kwalin ya koma aljihun da ya fito.

Sun hau babban titi sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Mene ne a ciki?"

Ya gaya mata. Ya fara a taƙaice, sai bakin ya ƙi tsayawa: gwajin kunnen, fasfon da ke Croydon, ihun da yake yi a waya, abin da Inna ta ce wa Zubaida. Da ya zo nan muryar rediyon ta karye, ya goge ido da bayan hannu, mota ta ɗan yi tangaɗi.

"Kai, duba gabanka, kada ka kashe mu," in ji Hajiya.

Ta juya tana kallon waje. Ta daɗe a haka, tana murza bakin mayafi, ta yi tsaki ita kaɗai, ta sake yin wani. Can ta ce, "Ɗaga gilashin nan."

Ya ɗaga.

"Wayarka a kashe take? Ba ka danna wa kowa ba?"

"A kashe take, Hajiya."

Sai da ta waiwaya ta duba kujerar baya, inda ba kowa sai bilandar Dakta da rigar Rwang, sannan ta rage murya.

"Jibi zan tafi."

"Ina?"

"Ina kuwa? Kano mana. Na yi booking tun kafin azumi."

Nata'ala ya buɗe baki. "Hajiya, ba ke kika ce wa Hindu za ki Birmingham wurin ɗanki Suhaib ba, matarsa ta kusa haihuwa?"

"To da me kake so in ce mata? Shi kansa Suhaib ɗin ya ɗauka Leeds za ni."

"Amma... bakkon nan biyu da kika kawo wa Isra'ila..."

"Nawa akwatunan sun cika. A kaina zan ɗora?" Ta harare shi. "Shekara talatin ina zuwa gida, ba mahalukin da ya taɓa sanin ranar tafiyata, har marigayi sai ana gobe nake gaya masa. Yau ga shi ka sa na faɗa da bakina. Samu wuri ka tsaya."

Ya ratse wani gidan mai ya tsaya.

"Gwammaja ka ce ko? Ni da kaina zan je in saka mata a kunne, in kira ka tana zaune. Amma ka saurare ni da kyau. Kayan da ke bayan motar nan gida-gida za ka bi ka mayar, kuma duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa sai an tambaye ka ko ka san wani mai tafiya kwanan nan."

"Ban san kowa ba, Hajiya."

"Ko Hindu."

"Ko Hindu."

"In na buɗe ƙofata gobe na ga mutum da leda, wallahi tare da kwalinka zan koro shi."

Ya ciro kwalin. Gefensa ya ɗan lotse, ya shafa shi da babban yatsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta buɗe jakarta, ta zuge wani zif na can ciki inda fasfonta yake kwance, ta sa shi a gefensa ta rufe.

Ya soma haɗa kalmomin godiya da na ban haƙurin abin da ya yi da safe.

"Ja mota mu tafi," in ji Hajiya. "Ko la'asar ban yi ba."